Zanen Aro a Bangon Gida

Duk wanda ya haura shekara talatin a garin Tamale ya ga zamanin da gidaje suka riƙa sauya launi kamar an yi musu ankon biki. Daga hanyar Bolga zuwa hanyar Kumasi, daga Aboabo zuwa Sakasaka, har cikin lungunanmu na Gumbihini, sai a wayi gari a tarar gidan da jiya yake da launin ƙasa ya koma ruwan ɗorawa tun daga tushe har bakin kwano, na kusa da shi ya yi ja wur, na gaba kuma shuɗi. Kamfanonin waya ne suke gasar neman jama'a, bangon talakawa ya zama allon tallansu. An yi murna, an yi tsegumi, an yi dariya, har an ɓata zumunci a wasu gidaje. Yanzu da ƙura ta lafa, fentin ya koɗe, wasu kamfanonin ma sun sake suna, ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin da muka karɓa da abin da muka bayar.

Abin yana da asali, kuma asalinsa sauyin suna ne. Layin da aka fara sani da Spacefon ya zama Areeba a 2005. Kamfanin MTN na Afirka ta Kudu ya sayi uwar kamfanin a 2006, a 2007 kuma aka ce wa mutane daga yau sunan layinsu MTN. Ba a jima ba aka yi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka a Ghana a farkon 2008, gasar tana ɗauke da sunan MTN, Tamale kuwa tana cikin garuruwa huɗu da suka karɓi baƙi. A sabon filin wasan da yanzu ake kira da sunan marigayi Alhaji Aliu Mahama aka saukar da rukunin Tunisiya da Angola da Senegal da Afirka ta Kudu, gari ya cika da ruwan ɗorawa. A cikin shekarar ne kuma gwamnati ta sayar wa Vodafone na Ingila kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a kan dala miliyan 900, cinikin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a majalisa da gidajen rediyo. A watan Afrilu na 2009 sunan Ghana Telecom da layinsa na One Touch suka kau, ja ya shigo. Tigo yana nan da shuɗinsa, Zain ya zo ya tafi, Airtel ya gaje shi a 2010, Glo ya iso da kore a 2012.

Sabon suna kuwa sai an koya wa mutane shi. Mai goro a kasuwa ba ta sayen jarida, manomin Kumbungu ba ya zaman kallon talabijin, amma dukansu suna tafiya a kan hanya, kuma duk mai tafiya yana kallon bango. Allon talla na ƙarfe yana da tsada, ga kuɗin izinin hukuma. Bangon talaka kuwa bokitin fenti kaɗan ne kuɗinsa. Wakilai suka bazu cikin unguwanni suna neman gidajen da suke fuskantar titi, suna cewa za a yi wa mai gida fenti kyauta, a ɗan rubuta suna a jiki. Akasari ladan ke nan, fentin kansa.

Jama'a ba su yi baki ɗaya a kan wannan al'amari ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a raina ba. Masu gidaje da yawa sun yi maraba. Cewa suke yi damina tana cin bango, siminti yana tsada, shekara goma ba a shafa wa gidan komai ba, ga wanda ya zo da bokitinsa da ma'aikatansa bai nemi ko sisi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mata masu sana'a sun fi kowa amfana, domin rumfar katako da aka yi wa fenti ta fi jan mai saye, laimar kamfani kuma ta kare mai koko da ƙosai daga ranar watan Maris, wadda duk mazaunin Tamale ya san zafinta. Samari sun mayar da abin wasa: wanda gidansu ya yi ja alhali layin aljihunsa na ruwan ɗorawa ne, sai a riƙa yi masa ba'a ana ce masa ɗan gida biyu.

A ɗaya gefen akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba. Malamai sun tsaya a kan cewa kada fentin ya taɓa masallaci ko makarantar allo, kada kuma a manna hoton da bai dace ba a jikin gidan da ake karatu. Masu lura da siyasa suka ce a garin da rumfunan hira na samari suke sanye da launin jam'iyyu, wasu na laima wasu na giwa, launi ba ya zama launi kawai, yana iya sa a yi wa gida fassarar da mai shi bai nufa ba. Waɗanda suka zauna a Kumasi sun san cewa a wurin Tonawa ja da baƙi tufafin makoki ne, saboda haka ganin layin gidaje ja wur ya riƙa ba su wani iri. Tsofaffi kuwa ba su yi dogon bayani ba. Abin da suke maimaitawa shi ne banza ba ta kai zomo kasuwa.

Don a fahimci damuwar tsofaffin, sai an tuna matsayin bango a wurin Bahaushe. Fuskar gida ita ce zaure, kuma zaure shi yake faɗa wa baƙo ko gidan wane ne tun kafin ya yi sallama. A Kano da Zariya da Damagaram magina sukan ƙawata ƙofar zaure da zane mai tudu, su kafa zankwaye a kusurwoyin soro, attajiri da malami da basarake kowa da irin adonsa. Sana'a ce mai sarauta, har Zazzau ta yi Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Maƙwabtanmu Dagombawa ma suna da ɗakin shiga da suke kira zong, inda mai gida yake karɓar baƙi, matan Sirigu da ke can arewa da mu kuwa har yau suna zana bangon gidajensu da hannu, baƙi suna zuwa kallo daga nesa. Shafen da yake kare bangon ƙasa daga ruwa, wato makuba, daga ɓawon ɗorawa ake yin sa. Abin lura ne cewa itacen da ya ba kakanninmu abin kare bango shi ne kuma ya ba mu sunan launin da ya zo ya rufe bangon.

Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, suka watsu daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, wasunsu suka yada zango a Tamale, musamman bayan da Turawa suka mayar da ita hedikwatar Arewa a 1907, ba su zo da dukiyar gina soraye masu ado ba. Amma sun zo da al'adar sanya wa gida suna. Gidan Limami, gidan Mai Goro, gidan Sarkin Fawa, gidan Mahauta, gidan Wanzamai. Wani yakan rubuta shekarar da ya sauke farali a saman ƙofa, wani ya sa ɗalibinsa ya rubuta sunan gidan da ajami. Ga jama'ar da take tsiraru a garin wasu, waɗannan sunaye su ne tarihinta, su ne kuma shaidar cewa ba jiya ta zo ba.

A cikin littafin da muke rubuta ƙararrakin da ake kawowa zauren dattijonmu, akwai wata magana da ta koya mana fiye da duk muhawarar da aka yi a rumfunan shayi. Gida ne na wani malami da ya rasu ya bar 'ya'ya uku: babban yana fatauci a Kumasi, ƙanensa yana zaune a gidan, ƙanwarsu tana aure a wata unguwa. Wakilin wani kamfani ya zo, ƙanen ya amince, aka shafe gidan gaba da baya, har da saman ƙofar zaure inda mahaifinsu ya rubuta shekarar hajjinsa da hannunsa. Da babban ya zo hutun Sallah, sai da ya wuce ƙofar gidan da aka haife shi bai gane ta ba. Rigima ta kaure, har aka fara ambaton raba gado.

Da suka zauna gaban dattijo, ƙanen ya ce, "Baba, ni ban sayar da komai ba. Kyauta aka ba mu. Yaya yana Kumasi, ni nake ganin yadda ruwa yake zaizaye bangon nan kowace damina, ban kuwa taɓa ganin ya aiko da buhun siminti ba." Babban ya ce, "Baba, rubutun mahaifinmu fa? Ko da zinariya aka shafe shi, an shafe shi." Dattijo ya bar su suka gama, sannan ya tambayi ƙanen, "Ɗana, da ka ce wa mai fentin ya yi maka launin da kake so, kada ya rubuta komai, zai yi?" Ya ce ba zai yi ba. Dattijo ya ce, "To ashe ba kyauta ba ce. Haya ka bayar, aka biya ka da fenti. Shekara nawa kuka yi da shi?" Ƙanen ya yi shiru, domin ba a yi maganar shekaru ba. Aka juya ga ƙanwar, wadda ba wanda ya shawarta tun farko. Ta ce ita ba ta ƙi fenti ba, abin da ya dame ta shi ne ranar da ta aiko yaro da tuwon suna, ta ce ya kai gidan Malam, yaron ya dawo da kwanon bai gane ba, sai da ta ambaci sunan kamfanin sannan ya ce ai ya sani.

Hukuncin da aka yanke mai sauƙi ne: babban ya sayi fenti, ƙanen ya biya ma'aikaci, a mayar da fuskar zaure fara, a sake rubuta abin da mahaifinsu ya rubuta, bangon gefe kuma a bar shi yadda yake har ya koɗe. Amma tambayar dattijon ta zauna mana a rai. Duk wanda ya yi karatun fiƙihun Malikiyya a zaure ya san babin ijara, ya san cewa haya ba ta inganta sai an san lada, an san amfanin da aka saya, an kuma san wa'adi. Ya san kuma cewa abin da aka yi tarayya a kansa, kamar gidan gado da ba a raba ba, mutum ɗaya ba ya zartar da hukunci a kansa ba da yardar sauran ba. Mun san wannan sarai idan ɗaki za mu ba ɗan haya ko rumfa a kasuwa. Da aka kira abin kyauta sai ilimin ya kwanta barci, domin ba a ciniki a kan kyauta, ba a tambayar wa'adinta, godiya kawai ake yi. Kalma ɗaya ce ta hana unguwa guda yin ciniki a kan abin da yake da daraja a wurin mai nema.

Maganar ƙanwar nan ita ce asarar da ba ta shiga lissafi ba. A hankali kwatance ya sauya a bakin yara da masu babur. Maimakon a ce ka wuce gidan Limami ka karya dama, sai a ce ka wuce jan gida, ko ka tsaya a gidan kamfani kaza. Suna linzami ne, inda aka ja shi nan yake bi. A 2017 gwamnati ta kawo tsarin adireshi na GhanaPostGPS, kowane gida ya samu haruffa da lambobi. Tsarin yana da amfani, yana kai saƙo ƙofar gida, sai dai lamba ba ta faɗa wa yaro cewa a nan ne aka yi shekara arba'in ana karantar da unguwa. Tsakanin lambar hukuma da tambarin kamfani, sunan mai gida ya rasa wurin zama.

Wannan ya fi yi mana ciwo fiye da maƙwabtanmu, kuma dalilin a fili yake. Badagombe yana da harshensa a makarantar gwamnati, yana da sarakunansa da makaɗansa masu riƙe masa tarihi. Hausa kuwa, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma ana jin ta a kowane zango daga Bawku har Nima, ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati. Wuraren da idon yaronmu zai faɗa a kan rubutun harshensa kaɗan ne: allonsa, bayan wata babbar mota, sai ƙofar gidansu. Kalmomin da aka rubuta a bangayenmu da manyan baƙaƙe na Turanci ne. Mun ba da ɗaya daga cikin 'yan shafukan da suka rage mana, aka rubuta maganar wani a kai.

Sai kuma zamani ya nuna abin da tsofaffi suka hango. Airtel da Tigo suka haɗe a 2017 suka zama AirtelTigo, a 2023 aka taƙaita sunan ya koma AT. A farkon 2023 kamfanin Telecel ya sayi hannun jarin Vodafone, a watan Maris na 2024 aka sanar da sabon suna, ja ya gaji ja. A manyan tituna an sauya alluna cikin 'yan makwanni. A lunguna kuwa har yau mai tafiya yana iya karanta sunayen da suka daɗe da barin kasuwa, rabi ya ɓare, rabi yana nan, gidan ya zama kamar mai sanye da rigar bikin da aka watse tuntuni. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A wasu wurare idan talla ya ɓata wa mutane rai, sukan yi magana a janye shi. A Nijeriya MTN ya taɓa yin wani tallan talabijin da aka sani da "Mama na boy", inda wani yake buga wa mahaifiyarsa waya a ƙauye yana yi mata albishir an haifi namiji, gari ya ɗauki murna. Masu kare haƙƙin mata suka ce tallan yana fifita ɗa namiji a kan 'ya mace, aka yi ta muhawara har aka daina nuna shi. A watan Mayu na 2024 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da tallan sabon iPad, inda wani ƙaton injin matsi yake murƙushe kayan kiɗa da gwangwanayen fenti da littattafai, daga ƙarshe na'urar ta fito siririya a madadinsu. Mawaƙa da masu zane da marubuta, daga Japan har Ingila, suka ce wannan wulaƙanta aikin hannun ɗan Adam ne. Cikin kwana biyu kamfanin ya ba da haƙuri, ya fasa kai tallan talabijin. Abin da ya fusata su hoto ne na minti ɗaya, kuma da suka yi magana an ji. Tallan da aka yi a jikin bango ba a janye shi da sanarwa. Yana nan har sai rana da ruwa sun cinye shi, ko mai gida ya sa kuɗinsa ya goge.

Adalci ne mu faɗi alherin da waɗannan kamfanoni suka kawo, domin ba wanda yake son komawa zamanin da ake ba direban motar Kumasi wasiƙa da kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Tun da aka fara aika kuɗi ta waya a 2009, uwa a Gumbihini tana karɓar saƙon ɗanta daga Accra kafin ta naɗe tabarmar sallah. Rumfunan MoMo sun ba samarinmu da 'yan matanmu da yawa abin yi. Ana sanar da rasuwa da ɗaurin aure ga dangin da ke Agadas da Abidjan a cikin sa'a guda. Shi kuma ɗan kasuwa neman inda za a gan shi aikinsa ne, ba a zarginsa don ya nema. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce rashin kuɗin gyara da kuma rashin sanin darajar abin da muke riƙe da shi.

Gasar fenti ba ta ƙare ba, masu yin ta ne suka ƙaru. Yau masu sayar da taliya da sinadarin miya da siminti, har da kamfanonin cacar ƙwallo, duk suna neman bango mai fuskantar titi. Saboda haka dattawan unguwarmu suka tsayar da shawara huɗu, muka rubuta, muna kuma karanta wa duk wanda ya zo neman shawara. Ta farko, a kira abin da sunansa, haya ce, a yi ciniki a kanta kamar kowace haya, a rubuta a takarda. Ta biyu, a sa wa'adi, a kuma rubuta wanda zai mayar da bangon yadda yake idan wa'adin ya cika. Ta uku, gidan gado ba a ba da shi sai da yardar dukan magada, maza da mata, na gida da na nesa. Ta huɗu, fuskar zaure ba ta shiga ciniki ko nawa aka taya, kuma abin da mai gida ba zai yarda ɗansa ya yi ba, kada bangonsa ya yi tallansa.

Mun ƙara da roƙo guda ga masu karanta wannan shafi, musamman matasan da suka iya rubutun boko da na ajami. Ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi ba su fi ƙarfin kowa ba. Ku tambayi tsofaffin gidanku sunan da aka san gidan da shi tun farko, da wanda ya kafa shi, da garin da ya fito, ko Kano ne ko Katsina ko Gobir ko Salaga. Ku rubuta sunan a saman ƙofa da harshenku, da baƙaƙen da mai wucewa zai iya karantawa daga kan babur. Idan yaro ya tambayi ma'anarsa, ku zaunar da shi ku ba shi labari. Allah ya albarkaci gidajenmu, ya jiƙan waɗanda suka kafa su.